Tiyatar Huji, Gashi, Allura Ko Canjin Gwiwa: Wanne Ya Dace Da Ciwonka?

Mutum biyu za su iya zama a benci ɗaya a ƙofar likitan ƙashi a Birnin Kebbi, kowa na dafe da gwiwa, amma abin da zai warkar da ɗaya ya zama asarar kuɗi ga ɗayan. Na farko saurayi ne da ya murɗe ƙafa a filin ƙwallo, ya ji ƙas, kafin magariba gwiwa ta yi suntum, yanzu ta ƙi miƙewa. Ta biyu dattijuwa ce da ciwon ya lallaɓo mata shekara da shekaru, tana jin sa in za ta tashi daga sujada ko za ta sauka daga mota. Dukansu sun ji labarin tiyatar huji, wadda likitoci ke kira atiroskofi, an ce musu ba a farke gwiwa, kuma a ranar ake sallamar mutum. Gaskiya ne. Sai dai sauƙin aiki daban, dacewarsa da ciwonka daban.

Da farko, wace irin gwiwa ce?

Bakin ƙashin cinya da na ƙwauri suna lulluɓe da guringuntsi mai santsi. A tsakaninsu akwai wasu faya-fayan guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, suna tare nauyi kamar yadda gammo ke tare kaya. Likita zai ce meniskus, mu kira shi gammon gwiwa. Sai jijiyoyi masu ɗaure ƙasusuwan, wadda ta fi tsinkewa a wajen 'yan ƙwallo da masu faɗuwa daga babur ita ce ta tsakiya da ake kira ACL.

Ciwon gwiwa galibi gida biyu ne. Akwai rauni: wani abu ya yage, ya tsinke ko ya ɓalle a rana sananniya. Alamunsa kumburi cikin 'yan awoyi, gwiwa ta riƙa saki in mutum ya juya, ko ta kulle ta ƙi miƙewa kamar an cusa tsakuwa a ƙyauren ƙofa. Akwai kuma zaizaya, wadda ake kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi: guringuntsi ya cinye a hankali, gwiwa na ƙagewa da safe na ƙasa da rabin awa, tana ƙara kamar ana taka yashi, daga baya ƙafa ta fara lanƙwasa kamar baka.

Hoton ƙashi na eksire, wanda aka ɗauka mutum na tsaye, shi ke nuna zaizaya, domin a kwance ratar da ke tsakanin ƙasusuwa kan yaudari ido. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, shi ke nuna gammo da jijiya, kuma kuɗinsa ya ninka na eksire sau da yawa. A nan ne mutane ke ruɗewa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya ɗauki hoton gwiwoyin mutanen da suka kai shekara 50 zuwa sama, ya tarar kashi 61 cikin 100 na waɗanda gammonsu ya yage ba su ji ciwo ko ƙagewa ba a watan da ya gabata. Ke nan ganin kalmar yagewa a takardar MRI ta dattijo ba hujja ba ce cewa yagewar ce ke damunsa.

Gwiwar da ta kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, ba ta cikin wannan kwatance. Wannan na iya zama mugunya ce a cikin gaɓa, tana cinye guringuntsi cikin kwanaki, asibiti za a nufa a ranar. Haka mai sikila da ke kukan gwiwa, a duba masa ƙugu, don sau da yawa ciwon daga can yake saukowa.

Ma'aunin da za a ɗora kowane magani a kai

Abu na farko, shin yana gyara ainihin sanadin ciwon? Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin ɗakin tiyata kaɗai ba: hotuna, gwaje-gwajen jini, kayan da za a dasa, mota, masauki, abincin ɗan jinya, gashi na watanni, da kwanakin da za a yi babu sana'a. Na uku ƙarkon sauƙin da za a samu. Na huɗu haɗari. Na biyar, wanda takardun ƙasashen waje ba sa lissafawa, shi ne jinyar a irin rayuwarmu: masai na tsugunne, zama a tabarma, sujada da zaman tahiya sau biyar a rana, hawan kabu-kabu, taɓon fadama. Gwiwar Bature da ke zama a kujera ba ta buƙatar lanƙwasawar da tamu ke buƙata.

Gashi, motsa jiki da magani

Da yawa sun ɗauka gashi shi ne a kwanta a haska wa mutum jar fitila. Zafin na sa a ji daɗi na ɗan lokaci, amma maganin yana cikin ƙarfafa naman cinya, domin shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Ga tushen aikin. Zauna a tabarma ka miƙe ƙafa, ka naɗe tawul ka sa a ƙarƙashin gwiwa, ka danna shi ƙasa har ka ga ƙoƙon gwiwa ya ɗan ja sama, ka riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, sau 10. Sai ka kwanta rigingine, ƙafa a miƙe sambal, ka ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka sauke a hankali, sau 10. Sai tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba. A yi haka sau biyu ko uku a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan bisa shawarar likitan gashi. Ba a yanke wa wannan hanya hukunci kafin mako 12. Inda aka fi faɗuwa shi ne mutum ya yi kwana goma, ya ji cinya ta yi tsami, ya ce bai karɓe shi ba.

Mai ƙiba ya sani duk kilo ɗaya da ya sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, ba a gefen ƙafa mai ciwo ba.

Magani taimako ne don a iya atisayen. Man diclofenac na shafawa ya fi aminci a kan ƙwaya, musamman ga tsofaffi. Ƙwayoyin diclofenac da ibuprofen in an daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gaurayen ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis ko a kasuwa, waɗanda sau da yawa akwai maganin sitiroyid mai suna dexamethasone a ciki. Ciwo zai lafa, fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni.

Kuɗin gashi shi ne mafi ƙaranci, haɗarin atisayen kusan babu, kuma ana samun sashen gashi a manyan asibitocin jiha, ragowar aikin a gida ne. Ƙarkonsa na hannunka: in ka daina, cinya ta zube, ciwo ya dawo. Ba ya buɗe gwiwar da yagaggen gammo ya kulle, ba ya haɗa jijiyar da ta tsinke.

Allura a cikin gaɓa

Allurar sitiroyid na kwantar da kumburi da zogi na makonni, ba ta gyara komai. Amfaninta ta buɗe wa mutum ƙofar fara atisaye, ko ta taimaka masa ya wuce wata tafiya mai wuya irin aikin Hajji. Ba a so ta wuce sau uku ko huɗu a shekara. Wani gwaji da aka wallafa a 2017 ya nuna waɗanda aka riƙa yi wa ita duk bayan wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi, kuma ciwonsu bai fi na waɗanda aka sa wa ruwan gishiri sauƙi ba. Tana tayar da suga na 'yan kwanaki. Likita ne kaɗai ya kamata ya yi ta, da tsafta irin ta ɗakin tiyata, domin ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa ɓarnarta ta fi ciwon farko. Saboda wannan dalilin ne tsaga da ƙaho a kan gwiwa mai kumburi ke da haɗari.

Tiyatar huji

Ana daina cin abinci awa shida kafin aiki. Galibi allurar ƙashin baya ake yi, ƙafafu su mutu mutum na farke, wani lokaci kuma ta barci. Likita zai yi huji biyu ko uku a gaban gwiwa, kowanne bai wuce santimita ɗaya ba. Ta ɗaya ya zura kyamara mai kaurin fensir, ya cika gaɓar da ruwan gishiri don ta buɗe, hoton na fitowa a talabijin. Ta ɗayan ya zura 'yan ƙananan almakashi da injin aski. Ƙaramin aiki na ɗaukar rabin awa zuwa awa ɗaya, a yi ɗinki ɗaya ko biyu a kowane huji.

Abin da ya kamata a gane shi ne ayyuka uku mabambanta ke ɓuya a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma jinyarsu ba ta ko yi kama ba.

Datse gammo, ko ciro ɓallin ƙashi da guringuntsi da ke yawo a gaɓa. Ana taka ƙafa a ranar, sanduna na 'yan kwanaki, mai aikin ofis ya koma bayan mako ɗaya ko biyu, mai aikin ƙarfi bayan mako huɗu zuwa shida. Illarsa abin da aka datse ba ya tsirowa, kuma iya yawan gammon da aka cire, iya saurin zaizayar gwiwa nan gaba.

Ɗinke gammo. Jini na kaiwa gefen waje na gammo ne kawai, kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka yagewar da ke wannan gefe ce ke haɗewa, musamman ga matashi kuma in ba a daɗe ba. Sanduna da takalmin gwiwa na mako huɗu zuwa shida, babu tsugunno kusan wata huɗu. Kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ɗinkin kan saki a sake aiki. Duk da haka, ga saurayi, gammon da aka ceto ya fi wanda aka zubar nesa ba kusa ba.

Sake jijiyar ACL. Ba ɗinke ta ake yi ba, ana yanko wata jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashi a dasa ta. Komawa ƙwallo sai bayan wata tara zuwa shekara, kuma rabin nasarar na hannun likitan gashi.

To ina batun dattijuwar nan mai zaizaya, wadda aka ce za a wanke mata gwiwa? A nan hujja ta yi ƙarfi sosai. A 2002, a birnin Houston na Amurka, an raba marasa lafiya 180 masu amosanin gwiwa: wasu aka wanke musu, wasu aka kankare, wasu kuwa fata kawai aka tsaga aka ɗinke ba su sani ba. Bayan shekara biyu babu wanda ya fi wani sauƙi. A 2013 aka yi irin wannan a Finland da mutum 146 masu yagewar gammo ta tsufa, sakamakon bai canza ba. A shekarar kuma wani gwaji a Amurka ya kwatanta tiyata da gashi a mutum 351, aka tarar sun tashi kusan kunnen doki, ko da yake kashi 30 cikin 100 na 'yan gashin sun koma tiyata cikin wata shida. A 2017 kwamitin masana a mujallar likitanci ta BMJ ya ba da shawara mai ƙarfi cewa a daina wannan aiki don ciwon zaizaya. Dalilin a fili yake: kyamara da almakashi ba sa mayar da guringuntsin da ya cinye. Abin takaici ne a ga iyali sun sayar da sa ko buhunan shinkafa don aikin da wata uku na atisaye zai ba da kwatankwacinsa.

Haɗarin tiyatar huji kaɗan ne amma akwai: shigar ƙwayar cuta a ƙasa da mutum ɗaya cikin 100, daskarewar jini a sharaɓa, ƙagewa, ɗan mutuwar fata a gefen huji. Mai sikila lallai ya faɗa tun farko, domin ana ɗaure cinya a tsayar da jini yayin aiki, kuma hakan na iya tayar masa da ciwo. Mai suga sai an daidaita shi.

Kuɗin tsaka-tsaki ne zuwa sama. Datsewa ta fi araha, ɗinki da ACL sun fi tsada saboda kayan dasawa daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Ba kowane asibitin da ke da likitan ƙashi ke da na'urar ba. Hanyar da ta dace a fara da likitan ƙashi a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, ya rubuta takardar turawa, sannan a kira a tabbatar na'ura na aiki kafin a kama hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai katin inshorar lafiya na NHIA ta tarayya ko KECHEMA ta jihar Kebbi ya tambaya a rubuce abin da inshora ke biya da wanda ba ta biya.

Canjin gwiwa

Wannan babban aiki ne: a farke, a datse bakin ƙasusuwan, a sa ƙarfe da roba. Shi ne ke magance zaizayar da ta kai ƙashi na gugar ƙashi. Nazarin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka canja suna kai shekara 25. Kuɗinsa miliyoyin naira ne, kwanaki a asibiti, gashi na wata uku, cikakken sauƙi har shekara. Kusan ɗaya cikin biyar ba sa gamsuwa, kuma mafi yawa ba sa komawa tsugunno ko zaman tahiya yadda suka saba. Gara a san wannan tun kafin a shiga.

| Hanya | Abin da take gyarawa | Kuɗi | Ƙarko | Jinya | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gashi da magani | Zaizaya, yagewar tsufa | Kaɗan | Muddin ana yi | Babu kwanciya, mako 12 | Illar ƙwayoyi |
| Allura | Kumburi da zogi | Kaɗan zuwa tsaka | Makonni | Kwana ɗaya ko biyu | Cuta a gaɓa, hawan suga |
| Huji: datsewa | Kullewa, ɓalli | Tsaka | Shekaru, zaizaya na iya biyowa | Mako 1 zuwa 6 | Kaɗan |
| Huji: ɗinki ko ACL | Rauni ga matashi | Sama | Mai daɗewa in ya kama | Wata 4 zuwa 12 | Sakin ɗinki, ƙagewa |
| Canjin gwiwa | Zaizaya mai tsanani | Miliyoyi | Shekara 15 zuwa 25 | Wata 3 zuwa 12 | Mafi girma |

Jinyar huji a gidajenmu

Shirin gida kafin a tafi ake yin sa. A tanadi gado mai ɗan tsawo maimakon katifa a ƙasa, da kujerar da aka huda tsakiyarta a ɗora a kan masai, da kujerar salla. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da izinin salla a zaune ga wanda bai iya tsayuwa ba, don haka kada kunyar sahu ta sa mutum ya yi sujada a kan gammon da aka ɗinke jiya.

A kwana uku na farko kumburi ne abokin gaba. A kwanta a ɗora ƙafa a kan matasai ta fi ƙirji tsawo, matashin a ƙarƙashin diddige da sharaɓa. Kada a cusa shi ƙarƙashin gwiwa, domin ta saba da lanƙwasa ta ƙi miƙewa, kuma wannan ya fi wuyar gyara a kan rashin lanƙwasawa. Ƙanƙara minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. In babu wuta, ledojin ruwan fiya-wata guda biyu da suka daskare a wajen masu sayar da ƙanƙara sun wadatar, a naɗe su a ƙyalle, kada su taɓa fata kai-tsaye. A riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa kowace awa don jini ya gudana, a fara danna tawul tun washegari. Huji ya zauna a bushe, ba man zafi, ba garin magani, ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14.

Dawowa daga Kano ko Sakkwato, a zauna a kujerar baya a miƙe ƙafa, a tsaya duk bayan awa ɗaya ko biyu a ɗan taka. Ba a tuƙa mota ko babur sai an iya taka birki da ƙarfi ba tare da tunani ba. Sharaɓa ta kumbura tana zogi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga huji, ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana uku: kowanne a cikinsu na nufin a koma asibiti nan take.

Manomin shinkafa a Argungu, Suru ko Yauri ya duba kalanda. Taɓon fadama na riƙe ƙafa jiki ya juya, irin murɗawar da ke tsinka ɗinki ke nan. In aikin ba na gaggawa ba ne, a sa shi bayan an gama girbi, a kuma samu mai tsaya wa gona a zangon da ke tafe.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda gwiwarsa ta kulle bayan rauni, ta ƙi miƙewa, huji ne nasa, kuma cikin makonni, tun gammon na ɗinkuwa. Kada a bari mai ɗori ya ja ta da ƙarfi, ja na ƙara yagewar. Matashin da ACL ta tsinke, gwiwa na sakinsa, yana son komawa ƙwallo ko yana aikin ɗaukar kaya, ya yi gashi tukuna har kumburi ya sauka gwiwa ta miƙe, sannan a sake jijiyar, in har zai iya biyan watannin gashin da ke biye. In ba ya wasa kuma gwiwar ba ta saki, yana iya rayuwa lafiya da ƙarfafa cinya kaɗai.

Wanda ya haura 40, ciwon ya zo a hankali, MRI ya nuna yagewa amma gwiwa ba ta kullewa, ya ba atisaye mako 12 cur, da rage ƙiba in akwai. In bayan haka har yanzu wani abu na sarƙewa a ciki, sai a sake zama da likita a kan huji. Mai zaizayar da kumburi ya taso masa gab da wata tafiya, allura ɗaya ta isa. Wadda ciwo ke hana ta barci, ba ta iya kaiwa ƙofar gida, hoto ya nuna rata ta rufe, kada ta ɓatar da kuɗin a huji, ta tara su don canjin gwiwa, ta ci gaba da ƙarfafa cinya kafin ranar.

Duk wanda aka ba ranar tiyatar huji, ya tambayi likita abu uku kafin ya sa hannu: mene ne takamaimai za a gyara a ciki, datsewa za a yi ko ɗinki, kuma yaushe zai koma sujada.